Siminti a Katangar Ermete

Katangar da ke riƙe da gonar inabin Ermete ta fashe ranar sha bakwai ga Nuwamba, ta kwashe ƙasar hawa uku na gonar, wadda aka yi hawa-hawa a jikin dutse, ta zube a gonar maƙwabci. Tiziano ne ya jawo, domin shi ya cusa mata siminti. Kuma a lokacin saura mako guda ya je ya nemi auren 'yar mai gonar.

Shi ba ɗan wannan kwarin duwatsun na Valtellina ba ne. Ɗan wajen Lodi ne, ƙasar shinkafa da masara, inda in ka hau kujera sai ka hango garin gaba. Magini ne, shekararsa talatin ba ɗaya. Kamfaninsu ya turo shi ƙauyen Pradella a watan Afrilu, aikin gyaran gada.

Ranar da ya fara ganin Nives, 'yar Ermete, tana tsaye a gidan mai na bakin babban titi, tana miƙa wa direbobi wata takarda. Wasu su karɓa su jefa a kujerar baya, wasu ko gilashi ba sa saukewa. Kowa sauri yake ya kai saman duwatsu wajen wasan ƙanƙara. Tiziano ya karɓi ɗaya don kawai ya ga fuskarta da kyau.

"Dalilai bakwai da za su sa ka tsaya a Pradella," ya karanta da ƙarfi. "Ai ni na riga na tsaya. Wata takwas ma zan yi."

"Kai ba ka cikin lissafi," in ji ta. "Biyan ka aka yi ka tsaya."

"Na ɗaya, giyarmu. To, kowane gari haka suke cewa. Na biyu, babu cunkoso." Ya waiga hagu da dama. "Wannan kam gaskiya kika faɗa, ko kare ban gani ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta gaji, tun safe take tsaye.

"Na uku, katangu. Haba! Wa zai baro gidansa ya zo kallon katanga? Ni kullum da hannuna nake gina su."

Ta dubi hannun nasa, fari fat da siminti.

"Kai manna duwatsu kake yi. Ka zo ran Lahadi bayan an taso coci in nuna maka gini."

Ya je. Daga bayan coci zuwa gonarsu matakala ɗari biyu da sha huɗu ce ta dutse, kowace ba ta fi faɗin takalmi ba. Ita tana gaba tana surutu, shi yana baya yana haki. Da suka kai sai ya zube a gindin katanga yana riƙe da ƙirji.

"Sannu, ɗan fadama."

"Ke dai akuyar dutse ce, ba mutum ba."

Sunayen da suka bi su ke nan.

Ta sa tafin hannunsa a jikin katangar. Duwatsu ne jere, babu laka, babu komai a tsakani, rana ta gasa su sun yi ɗumi. Daga nan ana ganin kogin Adda can ƙasa kamar zare, da hawa-hawan gonaki har inda ido ya tsaya. Amma rabinsu daji ya cinye.

"Mu goma sha ɗaya ne a ajinmu," in ji ta. "Ni kaɗai na rage. Sauran duk suna Suwizalan suna gyaran gadon otal. Papa shekararsa sittin da shida, ni kaɗai ya haifa. In mutane suka fara tsayawa suna sayen kwalba a ƙofar gida, gonar za ta ciyar da mu. In ba haka ba, mu ma daji ne."

"Ke ba za ki bi su ba?"

"Ka ji tun yanzu, kar ka ce ban gaya maka ba. Ko wa zan aura, a kan dutsen nan zai same ni, a nan kuma zai zauna."

Da yamma ya turo mata saƙo:

"Akuyar dutse, ƙafafuna sun ce in gaya miki ba su yafe ba. Amma sun ce ran Lahadi mai zuwa za su sake gwadawa."

Ta amsa:

"Ka gaya musu su sa takalmin kirki. Kuma ka wanke hannun nan kafin ka taɓa mana katanga."

Haka bazara ta wuce. Ran Asabar Nives takan kwaso baƙi uku ko huɗu, yawanci tsofaffin Jamusawa, ta hau da su gona, ta sauko ta zuba musu giya da busasshen nama da cuku. Tiziano shi ne mai ɗaukar kujeru. Wata rana babu ko mutum ɗaya, sai su zauna su biyu su cinye abin da aka yanka wa baƙi.

"Tizi, ka gaji da ni ko?"

"Da matakalarku na gaji. Ke kam ko shekara ɗari."

"Ƙarya dai ba ta yi maka wuya."

"Na rantse. Dube ni, na rame kilo biyar saboda ke. Mamana ta ce ko ciwo nake."

Uban ne matsala. Ranar da Nives ta kawo shi cin abincin rana, uwarta Zita ta dafa baƙar taliya da kabeji da dankali, cuku yana narkewa a kai. Ermete ya ci rabin faranti bai ɗaga kai ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, farar yana ta rufe masa ido ɗaya.

"An ce kai magini ne."

"E, Sinyor Ermete. Shekara goma sha ɗaya."

"Katanga nawa ka tayar ba siminti?"

"Ba siminti? Ko ɗaya."

"To ba ka taɓa gini ba. Zita, ƙara masa taliya, wuyansa kamar na kaza."

Wanda Ermete yake so shi ne Fulvio, mai gonar da ke ƙarƙashin tasu. Fulvio yana da babban rumbun giya da ma'aikata shida, kuma tun suna makaranta yake bin Nives tana ƙi. Lissafin Ermete mai sauƙi ne: gona tana kan gona, in an haɗa su babu wanda zai bar wa daji.

"Papa, gona kake aurarwa ko ni?" Nives ta taɓa tambayarsa a gaban Tiziano.

"Ke. Amma ke ba kya cin iska."

A ƙarshen Oktoba, bayan an gama tsinkar inabi, wata baƙuwa ta jingina da katangar da ke gefen hanya, dutse ya zame ya faɗo mata a ƙafa. Ba ta ji wani ciwo ba, amma ta koma gida ta rubuta a intanet cewa wurin haɗari ne, kar kowa ya kai yara. Ga shi kuma Nives ta samu abin da ta shekara biyu tana nema: mota guda cike da mutum arba'in za ta zo ƙarshen Nuwamba.

A makon ne aka kwantar da Ermete a asibitin Sondrio za a cire masa yanar ido. Nives ta sami Tiziano a bakin gada idonta jawur.

"Tizi, ka ɗan cike mini ramukan katangar nan ta gefen hanya. Iya inda baƙi ke bi. Kafin Papa ya dawo."

"Zai yarda?"

"In ya ga ta yi kyau zai yi faɗa na kwana biyu ya haƙura."

Maganar gaskiya, daɗi ya ji. An ce bai taɓa gini ba, to ga inda zai nuna. Kwana huɗu yana goyon buhunan siminti yana hawa da su. Ya cike kowace kafa, ya shafe sumul, ya bar bututu uku don ruwa kamar yadda ake yi a garinsu. Da ya gama ya ɗauki hoto ya tura mata.

"Ga katangarki, tauraruwata. Ko giwa ta jingina ba abin da zai motsa."

"Ka ceci raina. Ranar ashirin da huɗu ka zo ka yi wa Papa magana, zan sa Mama ta lallaɓa shi."

Aka fara ruwa. Kwana tara ana yi ba ƙaƙƙautawa. Duk katangun dutsen suna tsiyayar da ruwa ta kowace kafa kamar kwando, sai tasa kaɗai ta tsaya a bushe, tana kumbura. A rana ta tara da azahar, mutanen gari suka ji ƙara kamar an kifar da tirelar tsakuwa.

Da Tiziano ya iso a guje, rabin gari na wurin da lema. Hawa uku sun tafi. Kurangar inabin da ta girmi kowa a wurin tana kwance saiwa a sama cikin gonar Fulvio. Ermete yana tsaye a cikin taɓo da bandeji a ido, likita ya hana shi fita amma ya fito. Ya sunkuya ya ɗauko dutse biyu manne da juna.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Sinyor Ermete."

"Wa ya sa ka?"

Nives tana bayan ubanta, fuskarta kamar takarda. Tiziano bai dube ta ba.

"Ba kowa. Ni na ga ya dace."

Ermete bai yi ihu ba. Da ya yi da ya fi sauƙi.

"Ruwan dutsen nan gaba ɗaya ta jikin katanga yake fita. Ka toshe masa hanya, ka bar masa ramin ɓera uku. Ƙasar nan da kake gani, a nan ba a haife ta ba. Kakana ya goyo ta daga bakin kogi, kwando kwando."

A Pradella, in katangarka ta zube a gonar na ƙasa da kai, kai za ka kwashe ƙasarka ka mayar, kafin inabi ya toho. In ya toho babu mai sake taka gonar wani da shebur, ƙasa ta zama ta wanda take wurinsa. Babu takardar da aka rubuta haka, kuma babu wanda ya taɓa saɓawa.

Fulvio ya matso, hannu a aljihu.

"Kawu Ermete, kar ka ɗaga hankalinka. Zan kira helikwafta, kwana biyu an gama. Sai mu cire iyakar nan mu huta, gona ta zama ɗaya. Ai da ma gida ɗaya za mu zama."

"Wa ya gaya maka?" in ji Nives.

Ermete ya ɗaga mata hannu. Ya juya ga Tiziano.

"Na san abin da kake shirin zuwa ka gaya mini. 'Yata ba tunkiya ba ce da zan miƙa wa wani. Amma gonar tawa ce. Ka mayar da ƙasar nan a bayanka. Ranar da kwandon ƙarshe ya hau, ka zo ka yi maganarka. In inabi ya toho ba ka gama ba, zan haɗa gonar da ta Fulvio, kai kuma kar in ƙara ganin ka a ƙofata."

Mutum arba'in ɗin ba su zo ba, an soke. A farkon Disamba aikin gada ya ƙare, kamfani ya kwashe ma'aikata zuwa wani sabon aiki a Suwizalan mai albashi ninki biyu. Tiziano ya ajiye aiki, ya kama ɗaki a bayan shagon burodi. Uwarsa ta kira shi a waya.

"Na haife ka, na yi wahalarka, don ka je ka zama jakin wani tsoho? Mata sun ƙare a Lodi ne?"

"Ni na ɓata, Mama."

"To ka ba su haƙuri ka dawo. Ana ba da haƙuri a duniya."

Bai dawo ba.

Kwandon goyo ne na saƙa, mai igiya biyu a kafaɗa. In an cika shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai kilo arba'in. Da safe ƙasar ta daskare sai an sare ta da diga. Akwai gajeriyar hanya ta ƙofar gonar Fulvio, amma Fulvio ya sa mata kwaɗo, ya ce ɓarayi sun dame shi. Dole sai Tiziano ya zagaya ta gefen rafi, matakala casa'in a kan kowane sawu.

Ermete shi ke ta da katangar, domin ba zai bari wani ya taɓa ba. Tiziano ya kawo dutse ya ajiye, tsohon ya juya shi sau biyu a hannu, ya zaunar da shi, ya tura ƙanana a bayansa. Wata guda cur ba su yi magana ba sai "kawo" da "ba wannan ba".

Fulvio kan tsaya a bakin rumbunsa da kofin kofi.

"Ɗan fadama! In kawo maka ciyawa ko ka riga ka karya?"

Tiziano ya wuce. Ba haƙuri ba ne, numfashin amsawa ne babu.

Kafaɗunsa suka sale, suka warke, suka sake salewa. Saƙonninsa suka gajarce.

"Masoyina, yau kwando nawa ka kai?"

"Talatin da ɗaya."

"Ka ci abinci?"

"E."

"Tizi, ka bar ni in gaya masa gaskiya."

"A'a. In ya sani ba zai ƙara barin baƙo ya hau gonar ba. Ki bar shi a kaina, ai na riga na ɗauka."

Cikin Janairu, yana tsakiyar matakala ya hango Nives tana shiga motar Fulvio a gaban coci. Ya ce wa kansa ba komai. Bayan kwana biyu ya sake ganin su, wannan karon daga rumbun Fulvio suka fito, yana dariya yana buɗe mata ƙofa. Ya tsaya da kwando a bayansa yana kallon su. Ya dubi kansa: wando a yage, gemu ba aski, ba aiki, ba sisi mai shigowa. Me zai hana ta?

Kwana uku tana turo saƙo bai buɗe ba. A rana ta huɗu ta tare shi a kan matakala, inda ba wurin kaucewa.

"Wayarka ta faɗa rafi ne?"

"Ki ba ni hanya, kayan nan da nauyi."

"Sauke."

"Ki je mai mota yana jiran ki. Shi ba ya warin zufa."

Sai ta ciro wani abu daga aljihu ta jefa masa a ƙirji. Mabuɗi ne, ya faɗi a kan dutse.

"Na ƙofar gonar Fulvio ne, sakarai. Sau uku ina zuwa roƙonsa. Ka san abin da ya karɓa? Duk baƙon da na kawo daga yanzu, sai na fara kai shi rumbunsa kafin namu. Shekara biyu ina tsaye a gidan mai kamar mai bara, yanzu shi zai sayar da kwalba. Don gwiwarka na yi, kai kuma kana nan kana kumbura."

Ya sauke kwandon a hankali. Ya zauna a kan matakala, ya rufe fuska da hannu.

"Na gaji, Nives."

"Na sani."

"Ban taɓa gajiya haka ba. Ko mafarki na yi, hawa nake."

Ta zauna a matakalar sama da shi, ta jawo kansa ta ɗora a gwiwarta.

"Jakina," in ji ta a hankali. "Jakina mai kishi."

"Mamana ma haka ta ce."

"To mun yarda da juna a kan abu ɗaya, ni da surukata."

Mabuɗin ya taimaka, amma bai isa ba. Ƙarshen Fabrairu katanga ta tsaya, ƙasa kuwa ko rabi da kwata ba ta hau ba. Sai iska mai ɗumi ta fara saukowa daga arewa, tsofaffi a shagon kofi suna cewa bana inabi zai yi saurin toho. Nives takan ɗauki ƙaramin kwando in ubanta ba ya nan. In yana nan sai ya ce ta ajiye, ba ita ta ɓata ba.

Wata safiya Tiziano ya juye kwando a hawa na biyu, ƙafarsa ta ƙi tashi. Ya jingina da sabuwar katanga yana jiran jiri ya wuce. A hawan da ke samansa Ermete yana yi wa inabi aski, Nives tana tattara rassa. Ba su san yana nan ba.

"Papa, ni na sa shi."

Almakashin ya tsaya.

"Ni na roƙe shi ya cike katangar, saboda baƙin nan. Shi bai san dutsenmu ba. Ni na sani."

"Ke?"

"Ni."

"Ke da aka haifa a nan? Ke da tun kina shekara biyar nake nuna miki inda ruwa ke fita?"

"Na ɗauka iya gefen hanya ne, ba zai yi komai ba. Na ji tsoro ne, Papa. Na ga kamar in motar nan ba ta zo ba shi ke nan."

"Wata uku yaron nan yana hawa yana sauka, kina kallo."

"Shi ya hana ni faɗa."

Sai Tiziano ya ji takun tsohon yana sauka ta ɗaya gefen.

Washegari da ya iso gonar Fulvio ya tarar da Ermete a can, da wani tsohon kwando da ya yi baƙi don daɗewa, yana cika shi.

"Sinyor Ermete, me kake yi?"

"Rawa nake. Ba ka gani?"

"Likita ya hana ka ɗaukar kaya. Kuma yarjejeniyarmu, a bayana ka ce."

"Na ce wanda ya ɓata ya mayar. Jinina ne ya ɓata, kai hannu kawai ka ba da aro. Kuma kai ma wawa ne, da ka tambaya. Ɗaga mini."

Zita ta hau har gona ta yi masa faɗa a gaban kowa.

"Tsohon banza, so kake ka bar ni da takaba saboda taɓo? Gwiwar nan taka da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

"Koma ki ɗora tuwon masara, mace. Mutum uku za su ci."

Mutum uku ɗin kuwa, domin daga ranar ya bar Nives ta ɗauka. Suka jera a matakala, tsoho a gaba, 'yarsa a tsakiya, ɗan fadama a baya. Fulvio ya daina fitowa da kofinsa. Wata rana ma aka wayi gari an ajiye sabon shebur biyu a bakin ƙofarsa, ba wanda ya ce komai a kai.

A hutun rana Ermete ya fara magana. Ba hira ba, umarni.

"Dutse yana da fuska da gindi. Kar ka tsayar da shi, kwantar da shi. In ya yi rawa cire shi, kar ka yi masa ƙarya da tsakuwa."

Ranar ashirin da takwas ga Maris idon inabi ya kumbura, saura kaɗan ya buɗe. Ƙasar da ta rage ba ta fi aikin kwana huɗu ba. Da hantsi Ermete yana matakala ta sama da cikakken kwando, ƙafarsa ta dama ta zame. Nauyin ya juya shi, ya faɗo a kan gwiwa. Ƙarar ta kai har inda Tiziano yake.

Babu motar da ke hawa wurin. Tiziano ya yar da kwandonsa, ya goya tsohon, ya sauko da shi matakala ɗari biyu da wani abu har bayan coci. Ermete yana cije da haƙori, zufa na zuba.

"A hankali, jaki. Ba ƙasa ka ɗauko ba."

"Ka fi ta nauyi, Sinyor Ermete."

"Ajiye ni a mota ka koma. Zita ta isa ta kai ni. Ka ji ko? Kar ka biyo ni asibiti, inabi ba ya jiran kowa."

Ya koma. Shi da Nives suka ƙarasa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ranar ɗaya ga Afrilu da la'asar ya kankare ƙasar ƙarshe daga gindin kurangar Fulvio, ko rabin kwando ba ta cika ba. Ya hau da ita ya juye. Ba su yi murna ba. Suka zauna a ƙasa, bayansu a jikin katanga, ta ɗora kai a kafaɗarsa, ya ce wash, ta matsar da shi zuwa ɗayar.

A asibiti Ermete yana kwance ƙafa a rataye. Tiziano ya sa rigarsa mai kyau, ta yi masa yawa yanzu.

"Ta hau duka?"

"Duka."

"To yi maganarka."

"Ina son in auri Nives, Sinyor Ermete."

"Ita ta ce me?"

"Papa!" in ji Nives daga bakin ƙofa.

"To ɗauka. Taurin kai ne da ita, daga wajen uwarta ta gado. Kuma ka daina ce mini Sinyor, kamar mai karɓar haraji."

An ɗaura auren ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, a cocin Pradella. Uwar ango ta zo daga Lodi da niyyar ɗaure fuska, ta ƙare tana kuka a kafaɗar Zita. Fulvio ya zo da kwat, ya sha hannu da ango, ya ce masa har yanzu tayin ciyawa yana nan. An jefa musu shinkafa a ƙofar coci, an ci, an sha giyar gidan har yamma.

Da aka zo sa albarka Ermete ya miƙe da sanda biyu, ya ƙi yarda a riƙe shi.

"Ban iya dogon zance ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙarfin baya. Allah ya sa ku tsufa tare, kuna faɗa kuna shiryawa kamar ni da wannan. Ku sha."

Aka ce amin, aka ɗaga kofuna. Nives ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin tebur.

"Ka gaji, ɗan fadama?"

"Na gaji. Amma ba inda za ni."

Gwiwar Ermete an yi mata aiki sau biyu, ba ta ƙara lanƙwasawa ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake hawa gonar nan kullum, in ban da Lahadi. Yanzu da safe Zita ta fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna ya ɗaga kai yana kallon mutum biyu suna hawa har su ƙanƙance. Bai sake taka ƙasar da ya goya ba.